Rana Ɗaya a Gaɓar Kiel: Jirgin da Kakana Bai Taɓa Gani Ba

Kakana na wajen uwa yana cikin sojojin da Turawan mulkin mallaka suka kwasa daga Arewa zuwa Yaƙin Bama, wato fagen Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma cikin duk labaran da yake ba mu muna yara bayan sallar isha'i, na teku ne ya fi zauna mini a rai. Ya ce tun daga ranar da jirginsu ya tashi daga Ikko a 1943 har suka sauka ƙasar Indiya, da zarar rana ta faɗi ba a yarda kowa ya ƙyasta ashana a saman jirgi, kowane soja kuma da rigar iyo yake kwana, domin akwai wani jirgin Jamus da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa kamar kada, ba a sanin yana nan sai ya yi ɓarna. Shi dai bai taɓa sa shi a ido ba har Allah ya yi masa rasuwa. Saboda haka da wani taro ya kai ni Hamburg a watan Satumba, na kuma sami labarin cewa akwai irin jirgin a ajiye a bakin ruwa kusa da birnin Kiel, sai na keɓe rana guda domin in je in gane wa idona abin da ya hana tsohon barci.

Daga Hamburg zuwa Kiel tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa. A tasha na tarar da wani ƙanena ɗan Zariya da ke karatun digiri na uku a jami'ar garin, wanda ya yi alkawarin yi mini rakiya da tafinta. Tashar jiragen fito tana dab da ta jirgin ƙasa, muka shiga wanda ke bin mashigin ruwan nan mai tsawo har zuwa ƙauyen Laboe. Muna tashi ya nuna mini manyan rumfunan ƙira a hannun dama, ya ce, “Yaya, har gobe ana ƙera jiragen nutso a nan, ana sayar wa ƙasashe.” Can gaba a hannun hagu muka hango Holtenau, inda mashigin da aka haƙa ya haɗa Tekun Baltik da Tekun Arewa. Ban ba wurin muhimmanci ba a lokacin, sai da yamma ta yi.

Jirgin yana kwance a kan yashi, tsakanin titi da ruwa, yara suna wasa kusa da shi, masu sayar da kifi da burodi suna ta cinikinsu. Lambarsa U-995. A Hamburg aka ƙera shi, ya fara aiki a Satumban 1943, wato shekarar da kakana ya ƙetare teku. Da yaƙi ya ƙare ya faɗa hannun abokan gaba a Trondheim, sojojin ruwan Norwe suka yi aiki da shi shekaru da dama da sunan Kaura, daga baya suka mayar wa Jamus, aka girke shi a wannan wuri a 1972. Daga cikin ɗaruruwan jiragen ƙirarsa da Jamus ta yi, wadda ake kira ƙira ta bakwai, shi kaɗai ya rage a duniya.

Tsawonsa mita 67 ne, amma kada wannan ya ruɗi mai karatu, domin mafi yawan cikinsa injuna ne da bututu da batura da makamai, mutum kuwa sai dai ya raɓa. An yanka ƙofa a gefensa saboda baƙi, muka shiga ta baya, muka ratsa tsakanin injunan dizal guda biyu ta wata siririyar hanya da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Har yanzu akwai ɗan warin mai da ƙarfe. Wasu ƙofofin cikin zagayayyu ne kamar bakin randa, sai ka sa ƙafa ɗaya ka sunkuya ka zura kai, a ta biyun kuwa na buga goshi har hulata ta faɗi, wata tsohuwa Bajamushiya ta ɗauko mini tana murmushi. Ɗakin girkin bai kai faɗin tabarmar salla biyu ba, a nan ake dafa abincin mutum kusan 50. Makewayi biyu ne, ɗaya kuma akan cika shi da kayan abinci a farkon tafiya, sai an cinye sannan ya koma aikinsa. A ɗakin gaba, inda bakunan tofido huɗu suke, wato dogayen nakiyoyin nan masu farfela da ake harba wa jirage, gadajen ba su kai yawan mutanen ba, saboda haka wanda ya sauko daga aiki yakan kwanta a shimfiɗar da wani ya tashi yanzu, da ɗuminta. Kwamanda kaɗai ke da abin da za a kira ɗaki, shi ma ɗan lungu ne da labule, daura da wurin mai sauraron rediyo.

Abin da ban sani ba sai a ranar shi ne, waɗannan jirage sun fi daɗewa a saman ruwa fiye da ƙarƙashinsa. A sama injin dizal yana ba su gudun kusan kilomita 32 a sa'a, idan suka nutse kuwa sai su koma kan batur, gudun bai wuce kilomita 14 ba, kuma ba ya jimawa batur ya yi sanyi. Ashe kadan da kakana yake tsoro da dare yakan taso ya yi farauta a sarari, nutso kuwa na ɓuya ne. Kwamandan ƙarshe na wannan jirgi, Hans-Georg Hess, shekararsa 21 lokacin da aka damƙa masa shi a Oktoban 1944, aka tura shi farautar ayarin jiragen da ke kai kaya Rasha ta ruwan ƙanƙara na arewa. Ya tsira, ya karanta shari'a ya zama lauya, ya rayu har 2008. Na tsaya a gaban labulensa ina tunanin ɗaliban da nake koyarwa masu irin shekarunsa, waɗanda da ƙyar nake yarda in ba su makullin ofis.

Tsallaken titi akwai hasumiyar tunawa da sojojin ruwa, mai tsawon mita 72, wadda aka aza harsashinta a 1927 aka buɗe a 1936. Mun hau ta da na'urar ɗaga mutane, mun ga teku, mun sauko. Abin da ya tsayar da ni yana ƙasa, a wani zaure da aka zana siffar jiragen yaƙin Jamus da suka nutse a yaƙe-yaƙen duniya biyu, bango guda ya cika da ƙananan siffofin jiragen nutso kamar garken kifi. A wurin sayar da tsaraba kuma na ga littattafai jere, kusan kowanne da hoton wani saurayi mai farar hula da gemun da bai gama cika ba. Daga nan hirarmu ta koma kan tambayar da ta biyo ni har gida, wato su wa suka rubuta labarin wannan yaƙi, kuma da wane ido.

Mun zauna a kan benci da burodi da soyayyen kifi, ƙanen nawa yana duba wasu abubuwa a wayarsa, ni kuma ina haɗawa da abin da na karanta kafin in taso. Hausawa suna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma shekaru 20 na farko bayan yaƙin masu waƙar ne suka rera ta. Babbansu Karl Dönitz, wanda ya jagoranci rundunar jiragen nutso, ya kuma gaji Hitila na 'yan makonni a 1945. Kotun Nuremberg ta ɗaure shi shekara 10, ya fito daga kurkukun Spandau a 1956, bayan shekara biyu ya fitar da tarihin rayuwarsa, inda ya nuna kansa a matsayin soja tsantsa wanda bai san komai ba sai teku. Mutumin ya rasa 'ya'yansa maza biyu a yaƙin, ɗaya a cikin jirgin nutso a Mayun 1943, watan da Jamus ta yi asarar jirage sama da 40 har ya janye su daga arewacin Atlantika. Duk da haka ya ci gaba da tura samari har ranar ƙarshe, alhali ya san mafi yawansu ba za su dawo ba, kuma littafinsa bai tsaya a kan wannan ba yadda ya kamata.

Wanda ya fi ba ni mamaki surukinsa ne, Günter Hessler, mijin 'yarsa, domin labarinsa ya taɓo gaɓarmu. A 1941 ya kai jirginsa U-107 ruwan da ke gaban Freetown ta Saliyo, inda jiragen kaya daga Ikko da Takoradi da Kudancin Afirka suke taruwa kafin su nufi Ingila, ya nutsar da jirage 14 masu nauyin kusan tan 87,000 a fita ɗaya, abin da wani kwamandan Jamus bai yi ba a duk yaƙin. Ta wannan hanya ce gyaɗar Kano da kuzar Jos da manjan Kudu suke bi, kuma a cikin jiragen da ke zirga-zirga a gaɓar akwai ma'aikata 'yan Afirka ta Yamma da yawa, musamman masu zuba gawayi da masu hidima. Bayan yaƙin sai hukumar sojojin ruwan Birtaniya ta ɗauki wannan mutum aiki, ta buɗe masa takardun Jamus da ta ƙwace, ta ce ya rubuta mata tarihin yaƙin jiragen nutso a Atlantika. Ya rubuta, aka ajiye a ofis ana amfani da shi, ba a buga wa jama'a ba sai 1989, shekaru 21 bayan mutuwarsa. Ƙanena ya yi dariya ya ce, “Yaya, wannan ai an ba kura ajiyar nama ne.” Na ce masa wataƙila, amma Ingilishi sun san babu wanda ya san hanyar kura kamar kura, kuma aikin nasa masana suna girmama shi har yau saboda tsantseninsa a kan ranaku da umarni. Aibinsa shi ne na dukkan rubutun hafsoshi: ana ƙirga nasara da tan, ba a ƙirga ta da rai.

Gyaran ya zo daga wasu masu haƙuri da ba su yi suna a fagen fama ba. Jürgen Rohwer, wanda ya yi aikin sojan ruwa yana saurayi, ya shugabanci wani babban ɗakin karatu na tarihin zamani a Stuttgart daga 1959 zuwa 1989, ya ɓata shekaru yana ɗaukar iƙirarin kowane kwamanda yana gwada shi da kundin waɗanda aka harba, harbi bayan harbi. Da aka yi haka sai lissafin da yawa ya ragu, domin mutumin da ke leƙe ta madubi cikin duhu, ana jefa masa nakiya, yakan ga ƙaramin jirgi ya ɗauka babba ne, ya ji ƙara ya rubuta cewa ya nutsar. Sannan a 1974 aka bayyana sirrin da Birtaniya ta riƙe kusan shekara 30, cewa masananta a Bletchley Park suna karanta saƙonnin sirri na jiragen Jamus a lokuta masu yawa na yaƙin. Ma'anar wannan ita ce, Stephen Roskill, wanda ya rubuta tarihin hukuma na yaƙin teku na Birtaniya tsakanin 1954 da 1961, ya yi rubutunsa bakinsa a ɗaure, shi kuma Dönitz ya rubuta nasa bai san an daɗe ana leƙa aljihunsa ba. Ya rayu har ya ji labarin, domin sai a Disamban 1980 ya mutu a Aumühle, kusa da Hamburg.

Akwai kuma Lothar-Günther Buchheim, ɗan jaridar soja da ya bi jirgin U-96 a fita ɗaya a ƙarshen 1941, ya fitar da ƙagaggen labarinsa Das Boot a 1973, aka mayar da shi fim a 1981. Tsofaffin sojoji da yawa sun fusata da shi saboda ya nuna tsoro da ƙazanta da batsa, ya kuma zargi shugabanninsu da jefa yara a halaka. Ni dai bayan na shaƙi iskar cikin U-995 na minti 40 kacal, na fi karkata ga gaskata shi. Kwamandan da ya bi, Heinrich Lehmann-Willenbrock, ya koma tuƙin jiragen kasuwanci, har ya zama kyaftin na Otto Hahn, jirgin kayan Jamus mai aiki da makamashin nukiliya. Wasu sun koma kaki: Otto Kretschmer, wanda ya fi kowa nutsar da jirage kafin a kama shi a Maris na 1941, ya yi zaman fursuna a Kanada, ya shiga sabuwar rundunar Jamus ta Yamma a 1955, ya yi ritaya da babban muƙami a 1970. Baturen Ingila da ya kama shi, Donald Macintyre, ya mayar masa da madubin hangen nesansa bayan yaƙi, shi ma ya koma marubucin tarihin teku.

Da azahar muka kama hanyar ƙafa da ke bin gaɓa zuwa Möltenort, tafiyar kusan sa'a ɗaya, iska tana kaɗawa mai sanyi. A nan ne ainihin wurin tunawa da mutanen jiragen nutso yake. Wata mikiya ta ƙarfe tana tsaye a kan dogon ginshiƙi, a bayanta kuma wata hanya mai lanƙwasa kamar rabin wata ta nutsa cikin ƙasa, bangonta duka allunan tagulla ne. Kowane jirgi da lambarsa, a ƙasa sunayen mutanensa. Na yaƙin farko sun haura 4,700, na yaƙi na biyu kimanin 30,000, daga cikin mutum wajen 40,000 da suka fita teku a waɗannan jirage. Wato cikin kowane huɗu, uku ba su dawo ba. Babu kowa a wurin sai mu da wani dattijo da ke bin sunaye da yatsa.

Na nemi U-156 na same shi. Kwamandansa Werner Hartenstein shi ne ya harbi jirgin Birtaniya mai suna Laconia ranar 12 ga Satumban 1942 a Atlantika, tsakanin gaɓar Afirka ta Yamma da tsibirin Ascension. Da ya matso sai ya ji ana kururuwa da Italiyanci, ashe cikin mutum sama da 2,700 da ke jirgin akwai fursunonin yaƙi 'yan Italiya kusan 1,800, abokan ƙawancen Jamus, ga kuma mata da yara. Ya shiga tsamo mutane ba tare da tambayar ƙasarsu ba, ya aika saƙo a fili da Turanci cewa duk jirgin da ya zo ceto ba zai taɓa shi ba, ya shimfiɗa tutar agaji, ya ɗaura kwale-kwale a bayansa yana ja. Bayan kwana huɗu wani jirgin saman Amurka ya zo ya yi masa ruwan bama-bamai, dole ya sauke mutanen ya nutse. Washegari Dönitz ya ba da umarnin hana ceto gaba ɗaya, umarnin da aka tuhume shi da shi a Nuremberg, inda shaidar Admiral Nimitz na Amurka, cewa su ma haka suka yi yaƙin nutso da Japan, ta sassauta masa. Hartenstein bai rubuta komai ba. An nutsar da shi da dukkan mutanensa a gabashin Barbados ranar 8 ga Maris 1943, yana da shekara 35.

A ruwan yankin da aka harbi Laconia dai, a Maris na 1944, wani kwamanda mai suna Heinz-Wilhelm Eck ya nutsar da jirgin Girka Peleus da ya taso daga Freetown, sannan ya kwashe sa'o'i yana sa a yi wa tarkace da katakan da mutane suka maƙale a kai ruwan harsashi da gurneti. Mutum uku suka rayu suka ba da shaida, aka yi masa shari'a a Hamburg, aka harbe shi a Nuwamban 1945. Makaranta ɗaya, kaki ɗaya, teku ɗaya. Na tsaya ina duban allunan, na ce wa ƙanena a nan an san sunan kowa har mai dafa abinci, amma jiragen kasuwanci kusan 2,800 da waɗannan samari suka nutsar, da dubban ma'aikatansu, ba su da layi ɗaya a bangon. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, kowa gawarsa yake binnewa. Tamu wa ya hana mu nema?” Ban ba shi amsa ba, domin ni kaina ban taɓa tambayar kakana sunan jirgin da ya ɗauke su ba.

Muna jiran jirgin komawa ne ya nuna mini tsallaken ruwa, wajen Holtenau, ya ba ni labarin da ban zo da shi ba. Oskar Kusch kwamandan U-154 ne, saurayi mai zane-zane da son karatu. Da ya karɓi jirgin ya sa aka cire hoton Hitila daga ɗakin hafsoshi, yana kuma faɗin ra'ayinsa a fili cewa an riga an faɗi yaƙin. Mataimakinsa ya kai ƙararsa. Mai gabatar da ƙara ya nemi ɗauri, kotun soja ta yanke kisa, Dönitz bai sa baki ya cece shi ba, aka harbe shi a filin koyon harbi na Holtenau ranar 12 ga Mayun 1944, yana da shekara 26. Littattafan tsofaffin kwamandoji na farko sun wuce ta kansa kamar ba a yi shi ba. Erich Topp, wanda ya nutsar da jirgin yaƙin Amurka Reuben James a 1941, ya karanta zanen gine-gine bayan yaƙi, ya koma soja har ya zama admiral, yana cikin 'yan kaɗan da suka fito suka soki Dönitz suka nemi a wanke Kusch, abin da ya jawo masa baƙin jini wajen tsofaffin abokansa. Sai da wani masanin tarihi, Heinrich Walle, ya tono takardun shari'ar ya buga, sannan aka soke hukuncin a 1996, bayan shekara biyu aka sa wa titin da ke kusa da filin harbin sunansa.

Na so mu je mu ga titin, amma rana ta yi ƙasa, jirgin ƙasana na komawa Hamburg kuma ba ya jira. Muka yi la'asar a wani lungu na ciyawa bayan tashar fito, muna fuskantar kudu maso gabas, tsuntsayen teku suna ta kuka a kanmu. Da jirgin ya zo muka hau sama muka zauna a waje duk da sanyin. Ya bi ta gaban Holtenau a hankali saboda wani ƙaton jirgin kwantena da ke fitowa daga mashigi, fitilunsa duka a kunne tun magariba ba ta yi ba. Na ciro ɗan littafina na rubuta abin da zan yi idan na koma gida: in je wurin gwaggona, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan tsohon, in tambaye ta ko takardar sallamarsa ta soja tana nan cikin akwatin ƙarfen da ya dawo da shi daga Bama.